Ben Enwonwu (1917–1994): Ɗan Masassaƙin Anacha

Duk wanda ya taɓa sauke kaya a Babbar Kasuwar Onitsha, garin da Hausawa ke kira Anacha, ya san ido ba ya hutawa a wurin. Ga allunan masu aski da aka zana kawuna iri-iri a jikinsu, ga manyan motoci ɗauke da hoton zaki ko gaggafa a bayansu, ga atamfofi jere a rumfuna kowace da nata ado, ga kuma kalandu masu hotunan labaran Littafi Mai Tsarki ana sayarwa gefe guda da na 'yan ƙwallo. 'Yan kasuwar Arewa masu kawo albasa da wake da tattasai suna ratsa tsakanin waɗannan zane-zane safe da yamma, kuma da wuya a sami wanda zai tsaya ya tambayi wanda ya yi su, balle inda ya koya. A wannan gari aka haifi mutumin da ya fi kowane mai zane da sassaƙa na Nijeriya suna a ƙarni na 20, wato Benedict Chukwukadibia Enwonwu, wanda duniya ta sani da Ben Enwonwu.

An haife shi ranar 14 ga Yuli, 1917, kuma shi ɗan tagwaye ne. Anacha ta wancan zamani gari ce mai fuska biyu: tsohon gari a can tudu inda sarki da manyan zuriyoyi suke, da kuma bakin ruwa inda jiragen Kogin Kwara ke tsayawa, Nufawa da Igala da Hausawa suna cuɗanya da Ibo wajen ciniki. Ta wannan bakin ruwa Bishara ta shigo. A 1857 Samuel Ajayi Crowther da John Christopher Taylor suka kafa tashar mishan ta CMS, a 1885 kuma limaman Katolika suka iso. Mahaifiyar Ben 'yar kasuwa ce mai sayar da yadi, kuma ta yi albarka a sana'ar. Mahaifinsa, Odigwe, ya yi aikin hannu a kamfanin Turawa na Royal Niger, sannan gwanin sassaƙa ne da ake kai wa aikin kujerun sarauta, da sandunan girma, da ƙofofi masu ado, da siffofin da ake ajiyewa a wuraren bautar gargajiya. Ya rasu a 1921, yaron bai wuce shekara huɗu ba. Abin da ya gada daga gare shi shi ne kayan aikin, gizago da wuƙaƙen sassaƙa, da su kuma ya fara koya wa kansa sarrafa itace. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai dai gadon ya zo masa a lokacin da sana'ar ke cikin tsaka mai wuya. Sababbin masu bi da yawa a ƙasar Ibo sun nuna tubarsu ta wurin ƙone siffofin da ke gidajensu, saboda haka a idon malaman mishan yaro mai gizago a hannu yana kusa da komawa inda iyayensa suka baro. Makarantun kuma an buɗe su ne domin su fitar da akawu da malamin aji da mai katekisim. Ben ya yi firamare a makarantun Katolika a Anacha da Umuahia da Fatakwal, kuma da a ce abubuwa sun tafi yadda aka saba, da ya ƙare a bayan teburin wani kamfani yana rubuta lissafin manja.

Mutane biyu ne suka share hanyar da ta kuɓutar da shi daga wannan tebur. Na farko Aina Onabolu ne, mutumin Ijebu-Ode da aka haifa a 1882, wanda ya koya wa kansa zane ta hanyar kwaikwayon hotunan mujallu da littattafan Turawa a zamanin da ake cewa baƙar fata ba zai iya zana mutum ya fito kamar mai rai ba. Ya tafi Landan da Faris neman takardar shaida, ya komo a 1922, ya shiga zagaya makarantun Legas yana koyarwa, yana kuma matsa wa hukumar ilimi lamba ta sa zane cikin darussa ta kuma kawo ƙarin malamai. Sakamakon wannan naci ne aka ɗauko wani saurayi Bature, Kenneth Murray, wanda ya iso Nijeriya a 1927.

Abin mamaki, malamin da Onabolu ya roƙa ya zo da ra'ayin da ya saɓa wa nasa. Onabolu yana so ɗan Nijeriya ya ƙware a dokokin zanen Turai har ya kunyata masu raina shi. Murray kuwa yana ganin asara ce a ɗauki yaron da ya tashi cikin masassaƙa da maginan tukwane da masaƙa a zaunar da shi yana kwafar kwandon tufa daga littafin Ingila. Ya riƙa tura ɗalibansa su dubi abin da ke gabansu, mai hawan kwakwa, mata a rafi, masunta, 'yan rawa a dandali, su kuma koma wajen tsofaffin masu sana'a na garuruwansu su tambaya. Burinsa shi ne ya horar da 'yan kaɗan su zama malamai, su watsu cikin makarantu, domin zane ya zama abin da kowane ɗan makaranta zai taɓa da hannunsa. Akwai abin zargi a tsarin nasa, domin ya so ya tsare ɗalibansa a cikin rayuwar ƙauye alhali su idonsu na kan birni da jirgin ƙasa. Duk da haka shi Bature ne a hukumar ilimi da ya gaya wa yara irin su Ben cewa aikin iyayensu ilimi ne.

Ben ya shiga hannun Murray wajen 1934 a Kwalejin Gwamnati ta Ibadan, ya ci gaba da karatu a ƙarƙashinsa a Kwalejin Gwamnati ta Umuahia. A 1937 Murray ya kwashi ayyukan ɗalibansa biyar ya baje su a wani ɗakin nuni mai suna Zwemmer a Landan. Su ne Enwonwu, da C. C. Ibeto, da D. L. K. Nnachy, da A. P. Umana, da Uthman Ibrahim. A shekarar da ta biyo aka nuna aikin Ben a babban baje kolin daular Ingila a Glasgow, a 1939 kuma ya sami lambar yabo daga kamfanin IBM na Amurka. Sauran huɗun sunayensu ba su yi nisa kamar nasa ba, kuma ba a cika tunawa da su ba sai a littattafan masana.

Shi ma da koyarwa ya fara. Ya koyar a Umuahia inda ya yi karatu, daga baya aka tura shi Kwalejin Edo a birnin Benin a farkon shekarun 1940. Zaman Benin ya yi masa rana. A can akwai unguwar maƙeran tagulla ta Igun, waɗanda kakanninsu suka ƙera kawunan sarakuna da allunan fada da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Malamin kwaleji mai albashin gwamnati ya sauke girman kai ya je ya zauna a gabansu yana koyon yadda ake siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a narkar da kakin ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Hausawa ba baƙi ba ne ga irin wannan koyo. Haka ɗan marini ke koyon baba a Ƙofar Mata, haka ɗan dukawa ke koyon jima da ɗinkin fata, haka magini a Zariya ke koyon zanen dagi a fuskar soro. Amma koyon gado yana da ƙofa ƙunƙunta: wanda ba a haife shi a gidan ba, da wuya a buɗe masa. Makaranta kuma ƙofarta a buɗe take ga mai kuɗin makaranta kaɗai. Ben yana cikin 'yan ƙalilan na zamaninsa da suka shiga ta ƙofofin biyu.

Wani nuni da ya yi a Legas ya jawo masa hankalin wani babban ma'aikacin kamfanin Shell, ta haka ya sami tallafin karatu ya tafi Ingila a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya yi karatu a Goldsmiths, da Oxford, da makarantar Slade ta Jami'ar Landan, ya gama da sakamako mai daraja ta ɗaya, ya ƙara da nazarin al'adun al'umma. A 1948 ya komo gida aka ba shi muƙamin mai ba gwamnati shawara kan zane da sassaƙa. A 1950 ya zagaya Amurka yana nuni yana lacca, a 1956 kuma yana cikin waɗanda suka gabatar da takarda a taron farko na marubuta da masu fasaha baƙar fata a Faris, inda ya yi magana a kan matsalolin da ke gaban mai zane ɗan Afirka. Ƙorafinsa, wanda ya yi ta maimaitawa har tsufansa, shi ne cewa Turawa na sha'awar tsohuwar sassaƙar Afirka wadda ba su san sunan mai ita ba, amma idan ɗan Afirka mai rai ya zo da suna da takarda da farashi sai su ce ya gurɓata.

Aikin da ya kai sunansa kowane lungu shi ne mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Bayan ziyararta Nijeriya a 1956 aka ba shi aikin, a 1957 kuma ta zauna masa sau 12, takwas daga ciki a fadar Buckingham. Shi ne ɗan Afirka na farko da aka ba irin wannan aiki. Da aka buɗe tagullar a Landan wasu jaridu suka yi ta gunaguni wai ya ba Sarauniya kamannin 'yar Afirka. An girke ta a harabar Majalisar Wakilai a Legas gab da samun mulkin kai. Mutum na iya cewa wannan aikin fada ne, ba ruwan talaka da shi. Amma a gidaje da yawa a Nijeriya labarin ya yi wani aiki na dabam: uban da ke dukan ɗansa saboda ya ɓata littafin lissafi da zane ya ji cewa wani ɗan Anacha ya shiga fadar Ingila da wannan sana'ar, an kuma biya shi.

Mafi yawan manyan ayyukansa a waje suke, inda ba a biyan kuɗin shiga. Tsakanin 1954 da 1955 ya ƙera Anyanwu, kalmar da ke nufin rana a harshen Ibo, siffar mace siririya mai miƙewa sama kamar tsiro, aka kafa ta a gaban Gidan Tarihi na Ƙasa a Legas wanda aka buɗe a 1957. Wannan gidan tarihi kuwa aikin tsohon malaminsa ne, domin Murray ya bar aji ya koma tattara kayan tarihi, ya zama shugaban farko na hukumar kula da su, da niyyar cewa abin da kakanni suka yi ya zauna a ƙasar, 'ya'yansu su gani ba sai sun je Landan ba. A 1964 Ben ya ƙera Sango riƙe da gatarinsa a gaban hedkwatar hukumar lantarki a titin Marina, hukumar da ta zama NEPA daga baya; mutanen Legas sun daɗe suna ba'a da cewa mai tsawa na tsaye a ƙofa amma wuta ba ta zuwa. A ƙarshen shekarun 1970 ya ƙara da Makaɗi a jikin dogon ginin hukumar sadarwa. Direban bas da mai tallar burodi da ɗan makaranta duk sun ga waɗannan, ko da ba su san sunan wanda ya yi su ba.

Akwai aiki guda da ya fi shafar masu bi. A shekarun 1950 aka ba shi aikin sassaƙa Almasihu Tasasshe, da itace, domin Majami'ar Tashin Matattu ta Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Majami'ar ta ɗariƙun da ba na Katolika ba ce, shi kuwa a hannun Katolika ya tashi, kuma ɗan mutumin da ya sassaƙa siffofin bautar gargajiya ne. Hannun da ya gāji gizagon Odigwe shi ne aka ba amanar siffanta tashin Ubangiji. A daidai wannan zamani, daga 1947 zuwa 1954, wasu limaman Katolika, cikinsu har da Fada Kevin Carroll, sun buɗe wurin aiki a Oye-Ekiti inda masassaƙan Yarbawa irin su George Bandele da Lamidi Fakeye suka riƙa sassaƙa labaran Bishara a ƙofofi da ginshiƙai da salon garinsu. Ba kowa ya yi murna ba. Cikin masu adawa har da Kiristocin ƙasar, waɗanda suka ga abin ya yi kama da wanda suka ƙone jiya.

Bai kamata a raina wannan tsoro ba, domin yana da tushe. Doka ta biyu cikin Dokoki Goma ta hana yin siffa domin a yi mata sujada, kuma Sarki Hezekiya ya farfashe macijin tagulla da Musa ya yi sa'ad da jama'a suka fara ƙona masa turare. Amma Littafin Fitowa ɗin nan da ya kawo dokar shi ne ya ba da labarin Bezalel da Oholiyab, waɗanda Allah ya ba gwanintar aikin zinariya da itace da saƙa domin alfarwa, ya kuma ba su baiwar koya wa waɗansu. Ikkilisiyoyi da yawa a Arewa sun zaɓi bango fari ba hoto, kuma suna da hujjarsu. Sai dai ko a can hoto bai taɓa fita ba. Yana nan a littattafan makarantar Lahadi, yana nan a kalandar da ke rataye a falon fasto, kuma kusan kullum fuskar da ke ciki ta Bature ce mai gashi har kafaɗa, wadda wani mai zane a Turai ko Amurka ya ƙago. Yaran ikkilisiya sun saba ganin hoton da aka shigo da shi, ba a kuwa cika ba su fensir a ce su zana ɗan ɓataccen nan yana komowa gidan ubansa ta ƙofar zaure irin na garinsu ba. Enwonwu da masassaƙan Oye-Ekiti sun nuna cewa ana iya yi.

Ƙarshen wannan sassaƙa abin baƙin ciki ne. A 1986, shekarar da ƙasa ta ɗauki zafi a kan shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi, jami'ar kuma ta sha fama da taƙaddama a kan wani gicciye da ke tsaye kusa da masallacinta, wasu suka cinna wa Almasihu Tasasshe wuta. Mai aikin yana raye a lokacin, yana dab da shekara 70.

Gaskiya ita ce Enwonwu ba mutumin kasuwa ba ne. Mai kwat da taye ne, abokan cinikinsa gwamnati da manyan kamfanoni da jakadu. A shekarun da yake zirga-zirga tsakanin Legas da Landan, a garinsu wani abu na faruwa wanda ya fi nasa kusa da aljihun talaka. Daga ƙarshen shekarun 1940 ƙananan maɗaba'u a Anacha suka shiga buga 'yan littattafai masu arha da Turanci mai sauƙi, labaran soyayya, da wasannin kwaikwayo, da nasihar yadda ake rubuta wasiƙa ko tattalin kuɗi, ana baza su a rumfunan kasuwa, yaran shago da direbobi da 'yan makaranta suna saye. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, yana cikin waɗanda suka fara da irin waɗannan. Daga sunan da masana suka ba su ne aka aro sunan Adabin Kasuwar Kano da aka laƙaba wa littattafan Hausa na shekarun 1980 zuwa gaba. Masu zana bangon waɗannan littattafai da allunan shaguna ba su ga ƙofar Slade ba. A wajen maigida suka koya, shekara uku ko biyar suna wanke burushi suna dama fenti kafin a sallame su.

Wasu kuma suka ɗauki hanyar buɗe ƙofa ga kowa da gangan. A 1961 aka kafa kulob ɗin Mbari a Ibadan, a 1962 Duro Ladipo da Ulli Beier suka buɗe Mbari Mbayo a Oshogbo, inda aka riƙa shirya bitar 'yan kwanaki, a ba duk wanda ya shigo takarda da fenti ba tare da an tambaye shi takardar makaranta ba. Daga nan su Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh suka fito. An buɗe reshen Mbari a Inugu ma. A Arewa, Michael Cardew ya kafa cibiyar koyon ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. A Zariya kuma ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu a 1958 suna neman a haɗa dabarun zamani da na gida. Tsakaninsu da Enwonwu ba a rasa 'yar tsama ba. Su suna ganin ya tare hanya, ya kuma cika kusanci da masu mulki. Shi kuma a 1963 ya yi rubutu a mujallar Drum yana sukar sabon yayin zanen da ba a gane abin da aka zana. Ana iya fahimtar uzurinsa. Mutumin da ya kwashe shekaru yana faɗa domin a daina kallon mai zanen Afirka a matsayin ɗan baiwa marar ilimi ba zai ji daɗin ganin an koma yabon rashin horo ba. Amma matasan ma ba su yi kuskure ba da suka ga cewa ƙasa mai mutane miliyoyi ba za ta dogara ga gwani ɗaya ba, kome gwanintarsa.

Sai 1966 ta zo. Bayan juyin mulkin Janairu da na Yuli, aka yi kashe-kashen da suka kori mutanen Gabas daga garuruwan Arewa, 'yan Arewa mazauna Fatakwal da Inugu da Anacha su ma suka bar gidajensu da rumfunansu, wasu ba su kai gida ba. A cikin wannan hali, ranar 5 ga Oktoba, 1966, wakilin Nijeriya Cif Simeon Adebo ya miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya kwafin Anyanwu a New York a matsayin kyautar ƙasa, siffar wayewar gari daga ƙasar da ke shiga duhu. Yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967. Gadar Kwara da aka gama ginawa a 1965 aka karya ta, babbar kasuwar Anacha ta ƙone, maɗaba'u suka watse, kasuwar 'yan littattafan nan kuma ba ta sake komawa yadda take ba. A Oron, ɗaruruwan siffofin kakanni na itace da Murray ya tattara a gidan tarihi mafi yawansu suka salwanta. Zanen Enwonwu na waɗannan shekaru cike yake da hadari da yara masu yunwa. A 1969, yaƙin bai ƙare ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba wannan ɗan Ibo digirin girmamawa.

Bayan yaƙi ya koma aji. Daga 1971 zuwa 1975 shi ne farfesan zane da sassaƙa a Jami'ar Ife, ɗan Nijeriya na farko da ya hau irin wannan kujera. Murray ya rasu a haɗarin mota a 1972. A Ife ne Ben ya ga wata budurwa 'yar gidan sarauta, Adetutu Ademiluyi, ya nemi izinin iyayenta ya zana ta. Tsakanin 1973 da 1974 ya yi zanen har kashi uku: ta juya kafaɗa, ɗankwali a kai, tana duban gefe. Aka buga hoton a takarda, ya bazu a gidaje da ofisoshi a faɗin ƙasar da sunan Tutu. Mutane da yawa sun ɗauke shi alamar sulhu, ganin cewa mutumin Gabas ne ya zana 'yar sarautar Yarbawa shekara uku kacal bayan an ajiye makamai. Cikin dukan ayyukansa wannan ne ya shiga ɗakin talaka, kuma ta hanyar da kalandar kasuwa ke shiga ya shiga.

Ya ba da shawara wajen shirya bikin FESTAC na 1977, a 1980 kuma aka ba shi lambar girma ta ƙasa da ake ba masana, shekarar da aka ba Ladi Kwali ita ma: shi mai takardar Landan, ita kuwa wadda ta koyi ginin tukunya a hannun 'yar'uwar iyayenta a ƙauyen Kwali. A shekarunsa na ƙarshe hankalinsa ya koma Anacha. Bayan rasuwar ɗan'uwansa a 1987 ya yi ta zana dodannin garinsu masu fitowa a bukukuwa da jana'iza, Ogolo da Agbogho Mmuo, dogaye cikin tufafi masu launi, kamar mai bin sawun abin da ya gani yana yaro. Ya rasu a gidansa da ke Ikoyi, Legas, ranar 5 ga Fabrairu, 1994, yana da shekara 76.

Ayyukansa sun ci gaba da yawo bayansa. Siffofi bakwai na itace da ya sassaƙa wa jaridar Daily Mirror ta Landan a farkon shekarun 1960, kowanne riƙe da jarida a buɗe, sun ɓace shekara da shekaru, sai a 2012 aka tsince su a garejin wata makarantar sakandare a gabashin Landan. A 2013 aka yi gwanjonsu a kan sama da fam dubu 360. Ainihin zanen Tutu ma, dukan ukun, an daɗe ba a san inda suke ba. A ƙarshen 2017 aka gano ɗaya rataye a wani ɗan gida a arewacin Landan. Ranar 28 ga Fabrairu, 2018, kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da shi a kan fam miliyan 1.2, ana haɗa masu tayi na Legas kai tsaye da zauren Landan. Da labarin ya fito a jaridu, 'yan Nijeriya da yawa suka gane fuskar nan take, domin sun tashi suna ganinta a bangon falon iyayensu.